Darasin Wannan Wata: Me Kake Bin Ƙaramar Hukumarka, Me Take Binka?

Darasinmu na wannan wata a kan ƙaramar hukuma yake. Mun ɗauki Jega da Aliero da Maiyama su zama abin misali, amma abin da ke ciki ya shafi sauran ƙananan hukumomin Jihar Kebbi. Darasin yana da ɗan tsawo. Muna ba malamai shawara su raba shi zama uku ko huɗu. Ɗalibi ɗaya ya karanta a fili, sauran su bi shi da yatsa, in an kai ƙarshen sakin layi a tsaya a tattauna.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan magana shi ne, mutane da yawa a karkara suna wucewa ta gaban sakatariyar ƙaramar hukuma kowace ranar kasuwa, amma ba su taɓa sa ƙafa ciki ba. Suna ganin gidan na 'yan boko ne da 'yan siyasa. Rijiyar burtsatse za ta lalace a ƙauye, a yi wata shida mata da yara suna tafiya rafi, kowa yana cewa gwamnati ta manta da mu. In ka tambaya wace gwamnati, sai a yi shiru. In ka tambaya wa ya kai labari a rubuce, nan ma shiru. Wanda bai san ƙofar da zai buga ba, ko ya kwana yana sallama ba mai amsa masa.

Gwamnati hawa uku ce

A Nijeriya gwamnati hawa uku ce. Akwai Gwamnatin Tarayya a Abuja. Akwai gwamnatocin jihohi 36, tamu tana Birnin Kebbi. Sannan akwai ƙananan hukumomi 774, waɗanda su ne suka fi kusa da talaka.

Dattawan cikinku za su tuna da zamanin En'e. A wancan lokaci ƙasar Jega da kewaye tana ƙarƙashin En'en Gwandu, mai hedkwata a Birnin Kebbi. En'e ke karɓar haraji da jangali, tana da baitulmalinta, har da 'yan doka da gidan yari kafin gwamnati ta karɓe su. A shekarar 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kawo sabon tsari iri ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, aka kafa ƙananan hukumomi irin waɗanda muka sani yau. Daga nan aka yi ta ƙara yawansu.

Ita Jihar Kebbi an cire ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. A 1996, zamanin Janar Sani Abacha, aka ƙara mata ƙananan hukumomi suka cika 21. Aliero tana cikin waɗanda suka samu a wannan shekara.

Duk ukun da muke magana a kansu suna cikin Masarautar Gwandu, kuma suna kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Tambuwal, ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama, ta nufi Koko da Yawuri. Jega tsohuwar kasuwa ce tun zamanin fatake, tana bakin Gulbin Zamfara, kuma a nan makarantar koyon aikin kiwon lafiya ta jiha take. Aliero kuwa ko a Legas ka ambaci albasa an san sunanta, haka nan masu ɗorin karaya na garin sun yi suna. A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a can. Maiyama ƙasar noma ce da kiwo. A ƙidayar jama'a ta 2006 an samu mutum wajen 193,000 a Jega, wajen 175,000 a Maiyama, wajen 66,000 a Aliero. Yau sun fi haka nesa.

Kowace ƙaramar hukuma an raba ta mazaɓu, kowace mazaɓa da kansilanta guda. Jega tana da mazaɓu 11, cikinsu akwai Kimba da Dangamaji da Jega Firchin da Jega Kokani. Maiyama ma tana da 11, kamar su Mungadi da Botoro, Sambawa da Mayalo, Karaye da Dogondaji. Aliero tana da 10, cikinsu akwai Sabiyal da Danwarai da Jiga Birni da Kashin Zama da Rafin Bauna. A jihar baki ɗaya mazaɓu 225 ne. To mai karatu, tsaya nan ka tambayi kanka: mene ne sunan mazaɓarka, kuma wane ne kansilanka? In ba ka sani ba, ba abin kunya ba ne, matambayi ba ya ɓata. Amma kada wannan mako ya fita ba ka sani ba.

Wa ke cikin sakatariya?

Shugaban ƙaramar hukuma, wanda muka fi kira ciyaman, shi ke jan ragamar aiki, yana da mataimaki da sakatare. Kansiloli su ne majalisa. Su ke duba kasafin kuɗi na shekara su amince da shi, su ke yin ƙananan dokoki na kasuwa da tsabta da makamantansu. Ciyaman da kansiloli zaɓensu ake yi, wa'adinsu ya cika su sauka. Hukumar zaɓe ta jiha ke shirya wannan zaɓe, amma da katin zaɓe na hukumar zaɓe ta ƙasa ake jefa ƙuri'a, kuma duk ɗan shekara 18 yana da haƙƙin yankar katin. A zaɓen 31 ga Agusta, 2024 an cike kujerun ciyamomi 21 da na kansiloli 225 na Jihar Kebbi.

Bayan waɗannan akwai ma'aikata, su ba sa sauka don an canja ciyaman. An raba su sashe-sashe: sashen mulki, sashen kuɗi inda ma'aji yake, sashen ayyuka mai kula da hanya da rijiya da gini, sashen gona da dabbobi, sashen lafiya, da sashen ilimi da jin daɗin jama'a. Sanin wannan yana rage wahala. Mai maganar rigakafin shanu ba sai ya yini a ƙofar ofishin ciyaman ba, sashen gona zai nufa.

Uban ƙasa da hakimi da mai unguwa kuwa iyayen ƙasa ne, ba zaɓensu ake yi ba, kuma kuɗin aiki ba a hannunsu yake ba. Amma su suka san kowa da gidan ubansa, su ke sasanta rikicin gona da na burtali, kuma takardar da ta bi ta hannunsu ta fi nauyi a sakatariya. Da ɗan gari akan ci gari.

Aikinta da wanda ba nata ba

Kundin tsarin mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. Ita ce mai kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da bayan gida na jama'a, ta kuma kula da su. Ita ce mai hanyoyin cikin gari da na ƙauyuka, da magudanan ruwa, da fitilun kan titi, da kwashe shara. Maƙabarta tata ce. Ita ke ba da lasin na keke da amalanke da baro da kwalekwale. Ita ke sa ido kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. Ita ke sa wa tituna suna, ta ba gidaje lamba. Sannan akwai abubuwa uku manya da take haɗa hannu da jiha a kansu: ilimin firamare da na manya da koyon sana'a, bunƙasa aikin gona, da kiwon lafiya.

Ku lura da ilimin manya a cikin wannan jeri. Ajin da kuke zaune ciki yanzu ba alfarma ba ce wani ya yi muku. Yana cikin aikin da doka ta ɗora wa hukuma. In babu alli ko allo ko fitila, kuna da bakin tambaya.

Akwai kuma abubuwan da ake ɗora wa ciyaman laifinsu alhali ba nasa ba ne. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri ta Gwamnatin Tarayya ce. 'Yan sanda da sojoji na tarayya ne. Babban asibiti da makarantun sakandare na jiha ne. Wutar lantarki tana hannun kamfanin raba wuta na Kaduna. A irin waɗannan, abin da ciyaman zai iya shi ne ya kai kuka gaba, ya matsa. Jama'a kuma suna da wakilansu: ɗan majalisar jiha a Birnin Kebbi, da ɗan majalisar wakilai a Abuja. Jega da Aliero suna tare da Gwandu a kujera ɗaya ta majalisar wakilai, Maiyama kuwa tana tare da Koko/Besse. Dukansu suna ƙarƙashin sanatan Kebbi ta Tsakiya.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Nan ne ya kamata aji ya natsu, don nan maganar take.

Kowane wata ana tara kuɗin man fetur da na kwastan da harajin kamfanoni a asusu ɗaya, ana kiransa Asusun Tarayya. Bayan an cire wasu kuɗaɗe, kamar kason jihohi masu man fetur, sai a raba saura. A cikin kowace Naira 100, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar Naira 52 da Kobo 68. Jihohi 36 su raba Naira 26 da Kobo 72. Ƙananan hukumomi 774 su raba Naira 20 da Kobo 60. Akwai kuma harajin da ake sakawa a kan kayan masarufi, wanda kowannenmu yake biya ba tare da ya sani ba duk sa'ad da ya sayi katin waya ko siminti ko lemon kwalba. A cikinsa ƙananan hukumomi suna samun Naira 35 daga kowace Naira 100. Wato kuɗin da ke zuwa Jega da Aliero da Maiyama kowane wata har da guminka a ciki.

Ba daidai ake raba wa kowace ƙaramar hukuma ba. Ana ba kowa wani kaso iri ɗaya, sannan a duba yawan jama'a da faɗin ƙasa da wasu abubuwa. Shi ya sa ranar ƙidaya ba ranar ɓoye yara ba ce. Gidan da ya ɓoye mutum biyar don tsoron haraji ya rage wa garinsa rabo na shekaru masu yawa.

To in kuɗi suna zuwa kowane wata, me ya sa kwalbati ɗaya takan gagara? Dalili na farko shi ne albashi. Malaman firamare da ma'aikatan ɗakunan shan magani da sauran ma'aikata da 'yan fansho daga wannan kuɗi ake biyansu, kuma su ke cinye kaso mafi tsoka. Dalili na biyu shi ne hanyar da kuɗin ke bi. Tsarin mulki ya tanadi wani asusu na haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta. Kuɗin ƙaramar hukuma sai sun sauka a wannan asusu, a babban birnin jiha, kafin su ƙarasa. Shekara da shekaru ana kuka a duk faɗin Nijeriya cewa abin da ke isa sakatariya bai kai abin da ya taso daga Abuja ba. Jihohi da dama kuma sun riƙa ƙin yin zaɓe, suna naɗa kantomomin riƙo, waɗanda ba jama'a suka sa su ba, don haka ba jama'a suke tsoro ba.

Gwamnatin Tarayya ta kai ƙarar jihohi 36 a kan wannan, ta hannun Ministan Shari'a Lateef Fagbemi. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci. Ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon riƙe su. Ta ce kuma zaɓaɓɓun shugabanni kaɗai doka ta sani, ba kantomomi ba. Fiye da shekara guda bayan wannan hukunci an ci gaba da kai-komo a kan yadda za a aiwatar da shi.

A ganinmu hukuncin daidai ne. Amma kada kowa ya ɗauka kuɗi suna sauka kai tsaye shi ke nan rijiyoyi za su gyara kansu. Kuɗin da ba mai tambayar inda suka shiga, ko a Birnin Kebbi suke ko a sakatariya, hanya ɗaya za su bi. Abin da ya canja shi ne yanzu mai amsa tambaya yana kusa. Kuna sallar Juma'a da shi, kun san gidansu. Kuma adadin da kowace ƙaramar hukuma ke samu ba asiri ba ne, hukumomin kuɗi da na ƙididdiga na tarayya suna buga shi, jaridu ma suna ɗauka. Wani ɗanku mai wayar da ke shiga intanet zai iya nemo muku. Tun 2011 kuma akwai dokar tarayya da ta ba ɗan ƙasa haƙƙin neman bayani a rubuce daga ofishin gwamnati, ta ce a amsa masa cikin kwana 7.

Ita ma ƙaramar hukuma tana bin jama'a nata. Kuɗin rumfar kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin mahauta, kuɗin kara inda ake cinikin dabbobi, lasin na shago, duk halal ne a karɓa in majalisa ta amince da su. Manomin da ya kawo buhunan albasa kasuwar Aliero, ko mai kifi da shinkafa a Jega, bai kamata ya yi gardamar biya ba. Abin da zai dage a kai shi ne rasit. Yanzu da kun iya karatu, ku duba abu huɗu a jikinsa: sunan ƙaramar hukuma, lambar rasit, kwanan wata, da adadin kuɗin. In ka biya Naira 500 aka rubuta Naira 200, to Naira 300 ta shiga aljihun wani. In mutum 100 aka yi wa haka a kasuwa ɗaya, Naira 30,000 ke nan a yini guda. Malami ya sa ɗalibai su lissafa na kasuwa 52, wato shekara ɗaya, a kan allo.

Lafiya: ƙofar da ta fi kowace kusa

A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwar mutuwar mutum 26 daga ciwon da ake zaton sanƙarau ne. Gwandu da Jega da Aliero ne abin ya fi shafa, har aka rufe jami'ar Aliero na ɗan lokaci. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sanƙarau yana zuwa ne daga hunturu zuwa bazara, lokacin ƙura da zafi, yana kuma yaɗuwa inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki ɗaya ba taga. Alamominsa su ne zazzaɓi mai zafi na farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sandarewar wuya, amai, wani lokaci da suma ko jijjiga. Yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma yana da magani a asibiti in an kai da wuri.

Ga inda ƙaramar hukuma ta shigo. A sashen lafiya na kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in da aikinsa shi ne sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa. Shi ke kai rahoto jiha, jiha ta kai Abuja, sannan magani da allurar rigakafi su taso. Amma shi ma sai an gaya masa. In aka ga mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya da irin waɗannan alamomi, ko amai da gudawa da damina, ko ƙyanda ta kama yara, a kai marasa lafiya asibiti nan take, mai unguwa kuma ya sanar da ma'aikacin ɗakin shan magani a ranar. Kwana ukun da ake ɓatawa ana jiƙe-jiƙe a gida, su ne suke raba gida da mutum.

Allurar rigakafin yara kyauta ce. Ana fara ta ranar haihuwa ko cikin kwanakin farko, sannan a koma in jariri ya yi mako 6, da mako 10, da mako 14, sai wata 9, sai wata 15. A watan Disamba na 2024 aka fara ba da rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, kuma jihohi biyu aka fara da su, Kebbi da Bayelsa. Ana yi wa yaro sau huɗu: yana wata 5, da wata 6, da wata 7, da wata 15. Ba ta hana a kwana cikin gidan sauro, ƙari ce a kansa. Iyaye mata su adana katin rigakafi cikin leda, a ƙasan akwati ko cikin kwalla, inda gara da ruwa ba za su kai ba. Ranar komawa tana rubuce a jiki, kuma mace mai zuwa aji ba ta bukatar kowa ya karanta mata. Mazaje kuma, izinin zuwa awon ciki da kuɗin mashin a hannunku suke.

A mazaɓu akan kafa kwamitin ci gaban mazaɓa, mai sa ido a kan asibitin sha-ka-tafi na yankin. In ma'aikaci ba ya zuwa, ko ana sayar da abin da aka ce kyauta ne, wannan kwamiti da kansila su ne matakin farko.

Takardu biyu da bai kamata gida ya rasa ba

Ta farko ita ce takardar shaidar haihuwa. Hukumar ƙidayar jama'a ta ƙasa ke ba da ita, tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi da wasu asibitoci. Doka ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60 da haihuwa, kuma a wannan lokaci kyauta ne. Katin asibiti ba shi ne takardar haihuwa ba, mutane da yawa suna rikita su. Ta biyu ita ce takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Wannan sakatariya ke ba da ita, galibi bayan hakimi ko uban ƙasa ya shaida mutum. Yaron da zai shiga jami'ar Aliero ko makarantar lafiya ta Jega, ko zai nemi aikin soja ko ɗan sanda, za a tambaye shi ita.

Wajen karɓar kowace takarda, ka karanta sunan da aka rubuta kafin ka bar ofis. In a wannan an sa Muhammadu, a waccan Mamman, a katin ɗan ƙasa kuma Mohammed, wata rana yaron zai sha wuya a banki ko wajen jarrabawa. A zaɓi rubutu ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, a tsaya a kansu.

Makarantar firamare kuwa, dokar 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas, ga ɗa namiji da 'ya mace. Kowace ƙaramar hukuma tana da sakataren ilimi, kowace makaranta kuma ya kamata ta samu kwamitin iyaye da dattawan gari. In iska ta kware rufin aji, hedimasta da wannan kwamiti su rubuta wa sakataren ilimi.

Yadda ake kai kuka a rubuce

Magana ta baka iska ce, ana tashi daga zama ta bi ta. Takarda kuwa tana shiga fayil. Ba dole sai da Turanci ba, Hausa ta isa. Kada a cika dogon kirari, kada kuma a yi zagi. A faɗi abu ɗaya a takarda ɗaya: mene ne ya lalace, a ina, tun yaushe, mutum nawa abin ya shafa, me ake so a yi, kuma me jama'ar gari za su iya yi da kansu. Wannan na ƙarshe yana da amfani ƙwarai. Hukuma ta fi saurin motsi in ta ga mutane sun tara yashi da dutse, ko sun yi alkawarin aikin gayya. Ga misali, sai ku sa sunayenku na gaskiya inda muka sa Kaza da Wane:

Ƙauyen Kaza,
Mazaɓar Kaza,
Kwanan wata.

Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Kaza,
Ta hannun Kansilan Mazaɓar Kaza.

Ranka ya daɗe,

NEMAN GYARAN RIJIYAR BURTSATSE

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu jama'ar ƙauyen Kaza muna sanar da kai cewa rijiyar burtsatse ta bakin masallacin Juma'a ta lalace tun watan Janairu. Gida 60 ne ke shan ruwanta. Yanzu mata da yara suna ɗebo ruwa a tafki, yara ba sa zuwa makaranta da wuri, kuma muna tsoron amai da gudawa.

Muna roƙo a turo ma'aikatan sashen ayyuka su duba ta. Mu a namu ɓangare mun kafa kwamitin mutum biyar, biyu daga cikinsu mata, masu kula da rijiyar bayan gyara. Kowane gida zai riƙa ba da gudummawa duk wata don ƙananan gyare-gyare.

Allah ya taimake ka, amin.

Mu ne naka,
Wane, shugaban kwamiti.
Wance, ma'ajiyar kwamiti.
Wane, mai unguwa.

A rubuta ta kofi uku. Ɗaya a ba kansila, ɗaya a kai ofishin karɓar wasiƙu na sakatariya, ɗaya ta zauna a gari. A roƙi akawun da ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan kofin da za a koma da shi gida. Mutum biyu ko uku su je, kada a tura mutum ɗaya, kada kuma a kwashi gari duka. In mako biyu ya wuce ba labari, a koma da kofin mai hatimi. In wata biyu ya wuce, a sake rubutawa, a ambaci ranar ta farko, a aika kofi ga uban ƙasa da ɗan majalisar jiha. Wani lokaci amsar da za a samu ita ce babu kuɗi a kasafin bana. To sai a nemi kansila ya sa aikin a kasafin baɗi, wanda akan shirya shi a watannin ƙarshen shekara, a kuma tambaye shi ranar da majalisa za ta zauna a kansa.

Aikin aji

1. Kowane ɗalibi ya rubuta sunan ƙauyensa, da mazaɓarsa, da ƙaramar hukumarsa, da sunan kansilansa.

2. A cikin kowace Naira 100 ta Asusun Tarayya, nawa ƙananan hukumomi ke samu? In Naira 1,000 ce fa?

3. Wa za ka nufa a kan waɗannan: rufin aji ya kware, shanu suna mutuwa, an karɓi kuɗin rumfa ba rasit, yara uku sun kwanta da sandarewar wuya?

4. Kowa ya zo aji da katin rigakafi ko takardar haihuwa ko wani rasit daga gida, a karanta tare.

5. Aji ya zaɓi abu ɗaya da ya fi damun garinku, a rubuta wasiƙa a kansa bisa misalin da ke sama. Malami ya duba rubutun, mai unguwa ya sa hannu, a kai. Ajin da ya samu amsa, ko wace iri ce, ya aiko mana da kofinta ta hannun jami'in ilimin manya na ƙaramar hukumarsa, za mu buga a wannan shafi in Allah ya so.